Kwat Ɗin Janar

Ran Litinin na yanka dila a rumfata,
bayan tashar motocin Madarumfa,
dilar Kwatano mai warin jirgin ruwa.
Wanduna, rigunan sanyi, wata mai hoton kare,
sai ga shi can ƙasa, a naɗe kamar mai barci:
kwat kore, nauyinsa ya kai ɗan akuya,
maɓallan tagulla, kowanne da gaggafa.

An cire taurarin.
Amma rana ta ba da shaida:
inda suka zauna yadin bai koɗe ba,
uku a dama, uku a hagu,
kamar duwatsun murhu bayan an sauke tukunya.

Na kira Kaporal Nomau, mai gadin kantin siminti,
wanda ya ba soja shekara ashirin da biyu,
soja ta sallame shi da gwiwa ɗaya mai aiki.
Ya juya kwat, ya shinshina, ya ce,
"Barmo, janar ne na Amirka. Miƙe tsaye."
Na ce, "Don tufa?"
Ya ce, "Mu ma tufar muke sara wa."

Ya bi ramukan allura a ƙirji da yatsa
kamar mai buga ƙasa.
"Nan lambar laima ce, ya sha faɗowa daga sama.
Nan ta rauni. Nan ta yaƙin da aka ci.
Nan ta yaƙin da aka ce an ci.
Ɗan manomin masara ne, ya gudu daga garma yana sha takwas.
Laftana a dajin da ruwa ba ya ɗaukewa,
kanar a rairayi,
janar a ɗaki mai sanyi
inda ake ɗaga mutum dubu goma
da ƙusa ɗaya a kan taswira."
Ko sani ya yi, ko ƙirƙira yake, oho.
Shayinsa dai ya huce bai kula ba.

Ni tela ne, nawa karatun daban.
An buɗa ƙugun nan sau biyu.
Gwiwar hannun dama ta suɗe, ta hagu garau:
ba bindiga ta ci ta ba, tebur ne.
Aljihun ciki ya ɓule,
na zura hannu har gindin shafi,
na zaro takarda mai ninki huɗu.

Mushe Iliya na lakwal ya karanta mana.
Kaporal na jiran asirin yaƙi.
"Madara. Burodi. Maganin hawan jini.
Abincin tsuntsu."
Muka yi dariya har mai goro ya waigo.
Sai Mushe ya juya bayanta.
Sunaye goma sha ɗaya, a sama an rubuta:
wasiƙa ga iyayensu mata.
Goma an ja musu layi.
Na ƙarshe babu.

Kaporal ya taya jika biyu, bashi.
Na hana. Bashin sandarsa ma bai biya ba.
Ɗan Jimo na Jiratawa ya saya jika uku da rabi,
don ban ruwan zogale da asuba.
Matarsa ta cire maɓalli ɗaya ta rataya wa ɗan maraƙi.

Yanzu duk ran kasuwa, in amalankensa ta wuce,
ganye har sama, kafaɗunsa da gurbin taurari,
Kaporal yana dafa buhun siminti ya tashi,
ya sara.
Ɗan Jimo ya ɗauka ciniki ne, ya ce, "Ɗauri nawa?"

Takardar tana akwatin kekena, cikin allurai.
Ba na iya karanta sunan.
Wani lokaci in na ɗauko alli zan auna wando
sai hannuna ya tsaya a kansa,
sannan in maida ta yadda na same ta.